Arha Ba Ta Ado: A Daina Sayar Wa Yaranmu Xeon Da Sunan Kwamfutar Gem

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu sarari. Na kuma san akwai waɗanda ba zai yi musu daɗi ba, musamman wasu masu haɗa kwamfuta a birni da yaran da suke tallata musu kaya a TikTok. Su yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Wani sabon yayi ya shigo wa matasanmu na Kano ta Kudu, tun daga Kwanar Dangora har Riruwai. Yaro zai tara kuɗinsa na noman rani, ko na acaɓa, ko ya sayar da buhunan masarar da ya noma, ya hau mota ya shiga birni da niyyar haɗa kwamfutar buga gem. Wani don kansa, wani kuma don ya buɗe ɗan gidan gem a bakin kasuwa ya riƙa samun na kashewa. Yana isa sai a tare shi da zance: "Oga, bar maganar Core i5 ɗin nan. Ga Xeon, na manyan kamfanoni ne, kor 14, kuma rabin kuɗi." Yaro ya ji 14, ya tuna abokinsa mai 4 ne, ya zaro kuɗi.

Matsayata a fili take. Sayar wa mutumin Kiru ko Doguwa wannan haɗin ba tare da an gaya masa yawan wutar da yake ci ba, algus ne. Ba na cewa kayan jabu ne. Cewa nake an ɓoye masa abin da ya fi komai muhimmanci a inda zai je ya kunna shi.

Bari mu fara da sanin kayan. Xeon suna ne da kamfanin Intel ya ba firosesar da yake ƙerawa don sabar, wato manyan kwamfutocin da suke riƙe da bayanan bankuna da kamfanonin waya da shafukan intanet. Waɗanda suka cika kasuwa yanzu su ne jerin E5: v2 na 2013, v3 na 2014, sai v4 na 2016. Ɗauki E5-2680 v4, wanda aka fi yi wa talla. Lokacin da ya fito a 2016, Intel ya sa masa farashi sama da dala 1,700. Yau a AliExpress ko dala 30 ba ya kaiwa. Me ya faɗo da shi haka? Manyan kamfanoni ba sa jiran sabar ta mutu kafin su sauya ta. Microsoft da Google, alal misali, shekara 6 suke ƙiyasta wa sabar a lissafinsu. Wa'adi na cika sai a kwashe su dubbai a lokaci guda, dillalai su saya a sari, a ciro firosesa da RAM, a China kuma a ƙera musu sabon madabod mai arha a sa masa suna X79 ko X99, a haɗa a kwali ɗaya a turo duniya.

A Rasha da Brazil wannan haɗin ya daɗe yana tashe, kuma yawancin bidiyon da yaranmu suke kallo a YouTube daga irin waɗannan wuraren dabarar ta taso. A can tana da ma'ana. Mutumin da yake magana a bidiyon, wutarsa ba ta ɗaukewa, bai san layin gidan mai da jarka ba, wani ma ƙanƙara ce a bakin tagarsa. Shi kuɗin saye kawai yake lissafawa. Mu kuwa kuɗin saye shi ne ƙaramin abin da za mu biya. Kwaikwayon shawarar da aka yanka daidai jikin wani, shi ne ka ari rigar da za ta shaƙe ka.

Zancen farko da ake ruɗar yara da shi shi ne yawan kor. Kor kamar ma'aikata ne a cikin firosesa, kowanne da aikin da yake ɗauka. Sabar tana buƙatar ma'aikata da yawa don mutum dubu ne suke ƙwanƙwasa mata ƙofa a lokaci guda, kowa da 'yar ƙaramar buƙatarsa. Gem ba haka yake ba. Yawancin wasannin da ake bugawa a wajenmu, eFootball da EA Sports FC da GTA V, ma'aikata kaɗan suke nema amma masu zafin nama. Idan buhunan shinkafa za ka kwasa daga gona a Tudun Wada, jaki 14 sun fi doki 4 amfani. Idan kuwa sukuwa za a yi, ko jaki ɗari ka jera ba za su riga doki ɗaya ba. Gem sukuwa ce.

Ga lambobin don kada a ce surutu ne. E5-2680 v4 yana tafiya a 2.4 GHz, iyakar ƙoƙarinsa 3.3. Core i3-12100F na 2022, mai kor 4 kacal, yana kaiwa 4.3, kuma ƙirarsa ta fi sabunta da shekara shida, don haka ko a gudu ɗaya suke ya fi shi cika aiki. Ryzen 5 5600 mai kor 6 yana kaiwa 4.4. A yawancin wasanni waɗannan ƙananan sun fi mai kor 14 ɗin. Mai shago ya san wannan. Idan bai sani ba kuma, me ya kai shi sayar da abin da bai san aikinsa ba?

Zance na biyu shi ne rabin kuɗi. Xeon E5 ba shi da sashen hoto a cikinsa. Idan ba ka sa masa katin girafik ba, ko tambarin Windows ba za ka gani a allo ba. To wane kati ake haɗa masa? Kusan kullum RX 580 ne na 2017, saboda shi ma ya yi arha. Shi ma da dalilinsa. Wannan katin yana cikin waɗanda masu haƙar kuɗin kirifto suka fi amfani da su, suna kunne dare da rana, shekara da shekaru. Da Ethereum ta daina tsarin haƙa a watan Satumba na 2022, sai aka zubo su kasuwa, wasu an wanke an sauya musu kwali da fanka sun koma kamar sababbi. Ba kowanne ne ya gaji ba, amma kai da kake saye a shago ba ka da hanyar sanin wanne ne ya yi shekara huɗu yana bauta.

Yanzu mu zo kan gundarin maganar, wato wuta. A takardar Intel, E5-2680 v4 wat 120 ne. A takardar AMD, RX 580 wat 185 ne. Ƙara bod da RAM da fankoki da allo. Ko da ba kowanne ne yake jan iyakarsa a lokaci guda ba, idan ana tsakiyar wasa ka sa wat 300 a lissafinka, ba ka yi ƙari ba. Ɗan ƙaramin janaretan nan Tiger da kowa ya sani, ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 650 ne. Kwamfuta biyu kawai sun cinye shi, ba a yi maganar fanka da ƙwan fitila da cajin waya ba. Yaron da ya yi mafarkin jera guda huɗu a shago, sai ya nemi babban janareta, kuma kuɗin wannan ba ya cikin rabin kuɗin da aka faɗa masa.

Kwatanta da wani haɗin, shi ma na hannu ne ba sabo ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ta HP ko Dell mai babban akwati, mai Core i5-8500, wat 65, a sa mata GTX 1650, wat 75. Gaskiya ne GTX 1650 bai kai RX 580 ƙarfi ba, amma tazarar ba ta da yawa, kuma wasannin ƙwallon da ake bugawa a gidajen gem ɗinmu zai ɗauke su. Duka da allo, ka ce wat 150 ko sama kaɗan. Bambanci wajen wat 150 kenan a kowace kwamfuta.

Mu yi lissafin da mai shago ba ya yi maka. Shago yana buɗe awa 10 a rana. Wat 150 sau 10, yunit ɗaya da rabi kenan. Ƙaramin janareta yana shan sama da rabin lita kafin ya ba ka yunit ɗaya, mu ce 0.6. Kusan lita ɗaya kenan a rana, 0.9. Mu ɗauka lita naira 900 ce. Naira 810 kullum. A kwana 300, naira 243,000. A kan kwamfuta ɗaya fa. Idan huɗu ne, kusan miliyan guda a shekara. Wannan ƙiyasi ne nawa, janareta ya bambanta, farashin mai ma yana hawa yana sauka. To a raba shi biyu don a yi wa masu ja adalci. Har yanzu sama da naira 120,000 ne a shekara a kan kowace kwamfuta. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne. Ni ma'aikaci ne, na san abin da dubu ɗari da ashirin take nufi a gida. Arhar da aka yi maka a ranar saye, gidan mai zai karɓe ta kafin shekara ta zagayo, daga nan kuma riba ce kake miƙa masa.

Wani zai ce ai sola za a sa. Madalla. Batir mai 200Ah a kan bolt 12, abin da yake ɗauka yunit 2.4 ne a takarda, kuma duk mai haɗa sola na kirki zai gaya maka kada ka riƙa shanye fiye da rabi idan kana son ya daɗe. Saura yunit 1.2. Kwamfutar wat 300 za ta lashe shi cikin awa 4, ba a cire abin da inbata take ci ba. Mai wat 150 za ta kai kusan awa 8. Ma'ana duk batir da faifan solar da za ka saya, ninki biyu Xeon zai sa ka saya. Je ka tambayi kuɗin batir ɗaya yau sannan ka dawo mu yi maganar arha.

Wani kuma zai ce akwai wutar NEPA. Ina? A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit na rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan sassauta, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Ku faɗa mini unguwa nawa ce a Kiru ko Bebeji ko Doguwa take ganin awa 20. Ga madatsar Tiga nan a ƙasar Bebeji, tun 1974 zamanin Audu Bako take nan, an kuma gina mata tashar lantarki mai megawat 10, amma birni aka nufa da wutar, matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titi. Mu ruwan yana wajenmu, hasken yana wajen wasu. Wannan magana ce ta wata rana, amma ita ce ta sa nake cewa duk wanda zai ba ɗan yankin nan shawarar na'ura, ya fara da wat kafin komai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba har ta taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda bai sa wannan a lissafinsa ba, ba mu yake yi wa lissafi ba.

Bayan wuta sai zafi da ƙura. An ƙera Xeon ne don ya zauna a ɗaki mai sanyi, iska tacacciya, wuta ba ta rawa. Mu kuma za mu kai shi shagon kwano, a watan Afrilu da zafi yake kaiwa digiri 40, yara goma sun cika ɗakin, daga Disamba kuma hunturu ya cusa masa ƙura ta kowace kafa. Shi firosesan kansa yana da juriya, ba kasafai yake mutuwa ba. Raunin yana jikin bod ɗin. Da yawa daga cikin waɗannan arhan X99 ɗin, cif ɗin da yake tsakiyarsu cirowa aka yi daga tsofaffin bod na daban aka sake liƙawa, kuma sashen da yake daidaita wa firosesa wuta an tsuke masa hannu don a rage kuɗi. Haɗa wannan da arhar fawa, wato akwatin da yake raba wa kwamfuta wuta, wadda aka rubuta mata wat 600 a jiki alhali ba ta kai ba, sannan janareta yana tari. Ranar da ta tashi, ba ita kaɗai take tafiya ba, sai ta ja bod ko kati.

Na san wani yaro a wajenmu da ya sayar da amfanin gonarsa na shekara guda ya haɗo guda biyu. Ba a rufa wata huɗu ba ɗaya ta daina tashi. Ya ɗauke ta a mota ya koma inda ya saya, aka ce garanti na sati biyu ne, kuma ai wutarku ce ta ƙona. Ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu, aka ce a jira kaya daga China. Yau ɗayar ce take aiki, ita ma sai da yamma, don idan ya kunna da rana kuɗin mai ya fi abin da yara suke biya. Ba zan ambaci shagon ba, don ba shi kaɗai ba ne. Amma ku duba nisan. Mutumin Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora, sannan ya kama titin Zariya zuwa Kano. Ɗan birni idan kwamfutarsa ta yi tari Adaidaita Sahu zai hau ya je Beirut Road ya dawo kafin la'asar. Namu yini guda ne da kuɗin mota. Garantin sati biyu a wajensa daidai yake da babu.

Sai maganar gobe. Ana cewa yaro ka fara da wannan, daga baya ka ƙara. Ƙara me? Soket ɗin LGA 2011-3 da v3 da v4 suke hawa, tun kan kayan 2016 aka rufe shi, babu sabon firosesa da zai sake shiga cikinsa. RAM ɗin da ake haɗowa da shi yawanci na sabar ne, mai alamar ECC REG, wanda ba ya aiki a bod ɗin kwamfutar gida. Ranar da ka so sauyawa, bod da firosesa da RAM duka za ka zubar. Waɗanda aka sayar wa v2 kuwa nasu ya fi muni, don ba shi da wani tsarin umarni da ake kira AVX2, kuma akwai sababbin wasannin da ko buɗewa ba sa yi idan babu shi. Ga Windows 10, Microsoft ya daina ba shi kariya tun 14 ga Oktoba, 2025, sai ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma ba ya lissafa waɗannan E5 ɗin a cikin firosesar da ya amince da su, yana kuma neman TPM 2.0. Ana iya zagayewa a ɗora shi ta bayan gida, na sani. Amma wasanni irin su Valorant da sababbin Call of Duty da Battlefield sun fara tsayawa a kan sai da TPM da Secure Boot. Core i5-8500 ɗin da na ambata yana cikin jerin Windows 11. Wannan ma bambanci ne da ya kamata a gaya wa mai saye.

Na san abin da za a ce. "Malam, kai mai albashi ne, talaka ba shi da zaɓi, da gwanjo muke rayuwa." Wallahi ni ma da gwanjo nake rayuwa. Laftof ɗin da nake rubuta wannan a kai ta hannu ce, motata ta hannu ce. Tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, wa yake maganar sabo? Ba gwanjo nake yaƙa ba. Cewa nake a cikin gwanjon ma akwai wanda ya dace da mu. Mai son buɗe gidan ƙwallo, PS4 ta hannu tana cin rabin wutar haɗin Xeon ko ƙasa da haka, masu gyaranta sun yi yawa, yara kuma da ma ita suka saba. Mai son kwamfuta don ya haɗa wasa da karatu, ga tsohuwar ta ofis da ƙaramin kati. Mai ɗan ƙarin hali, ga Ryzen 5 5600G, wat 65, da sashen hotonsa a ciki, ya fara da shi a haka ya ƙara kati idan ya samu. Talaka yana da zaɓi. Ɓoye masa ake yi, don ribar kwalin X99 ta fi tsoka.

Kuma don adalci, Xeon yana da gurbinsa. Mai haɗa bidiyon biki ko fim, wanda kwamfutarsa za ta kwana tana tace hoto, kor 14 za su yi masa aiki. Cibiyar jarrabawa da take son sabar guda ta riƙe ƙananan kwamfutoci, nan ne gidansa na asali. Mai zama inda wuta ta wadata wanda ya san abin da yake saye, kuɗinsa ne. Ko a nan ɗin ma, gara mutum ya nemi cikakkiyar HP Z440 ko Dell Precision T5810, waɗanda kamfani ya ƙera da bod da fawa na ƙwarai, a kan haɗe-haɗen da ba a san asalinsa ba. Idan kuma dole sai Xeon za a yi gem da shi, a nemi mai kor kaɗan da gudu sosai, irin E5-1650 v3 mai kor 6 a 3.5 GHz, a kuma san wat 140 yake ci. Kun ga ba ƙiyayya ba ce. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

Yanzu bari in juyo kan namu. Akwai iyaye da manya da za su karanta wannan su ce Allah ya ƙara, da ma gem shiririta ce. Haba jama'a. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC da NECO ma can suka nufa. Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai cibiyar jarrabawa daga ƙauyukanmu ya ga yaron da ranar ce ya fara riƙe linzamin kwamfuta, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Yaron da ya san bambancin RAM da firosesa, ya iya kwance kwamfuta ya mayar, ya iya ɗora Windows, ya riga ya kama bakin sana'a. Da yawa daga masu gyaran waya da suke ci da iyalinsu a Farm Centre da irin wannan ƙwaƙwar suka fara. Gidan gem da yake tara yara lokacin makaranta, ko wanda ya koma wajen caca, a tsawata masa, ina goyon baya. Amma wanda ya ga an cuci yaro a ciniki ya yi dariya don ba ya son gem, ya taya macuci ne kawai. Kuɗin da aka kwashe ɗin ba na gem ba ne, na masarar gidanku ne.

Ina kuma jan kunnen masu rabon kayan tallafi, tun daga ƙananan hukumomi har ofisoshin 'yan majalisarmu na Kiru da Bebeji da na Doguwa da Tudun Wada. Na daɗe a aikin gwamnati, na san yadda takardar ɗan kwangila take ƙyalli idan an rubuta kor 14, ƙirar sabar. Duk ranar da za a saya wa makaranta ko cibiyar matasa kwamfuta, a rubuta iyakar wat a cikin sharuɗɗa, a haɗa kuɗin sola a lissafi ɗaya, a kuma tambayi wa zai gyara. In ba haka ba za a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan wata uku a rufe ɗakin da kwaɗo don babu kuɗin mai.

Kada kuma mu manta inda kayan suke ƙarewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A 1988 da aka jibge mana guba daga Italiya a garin Koko, ƙasar nan ta tashi tsaye har aka yi doka. Yau ba a ganga take zuwa ba, a kwali mai kyau take zuwa, mu kuma mu biya. Kayan da zai yi shekara biyar yana aiki alheri ne ko daga ina ya fito. Wanda zai mutu cikin wata shida ya faɗa hannun 'yan jari bola su ƙona a bayan gari don su ciri tagulla, wannan mun saya wa wasu kwandon shara ne da kuɗinmu.

Ga abin da nake nema, kuma ba shi da wuya.

Kai mai saye, kada ka biya sai an kunna maka wasan da kake so a gabanka, na aƙalla rabin awa, da mitar wat a jikin soket. Mitar ba ta da tsada, shagon da ya ƙi sa ta ya ba ka amsa. Ka sa a rubuta maka cikakken sunan firosesa da na bod da na kati da na fawa a rasit, da tsawon garanti da abin da ya ƙunsa. Ka tambaya ko Windows 11 yana hawa ba tare da dabara ba. Kafin ka bar gida, ka san ƙarfin janaretanka ko batirinka, ka raba da 300, ka ga guda nawa zai ɗauka. Idan ba ka gane ba ka tafi da wanda ya gane, kuɗin motarsa ya fi asarar dubu ɗari sauƙi.

Ku masu shaguna, da yawanku mutanen kirki ne, na yi hulɗa da ku na ji daɗi. Ku tambayi mai saye daga ina yake kuma da wace wuta zai kunna. Tambaya biyu ce. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma cin wuta aibi ne ga wanda yake sayen wutarsa lita-lita. Shugabannin kasuwa su sa wannan a ƙa'ida kafin Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta zo ta sa musu.

Ku kuma masu bidiyo, idan an ba ku kaya ku tallata, ku faɗa an ba ku. Ku daina nuna lambar gudu a kusurwar allo kuna ihu, ku nuna mana lambar mita da kuɗin man da aka ƙona.

Wanda yake ganin na yi kuskure a lissafi, ga fili ga mai doki. Ya kawo nasa wat ɗin, da nasa farashin litar, da sunan garin da zai kunna kwamfutar, mu zauna mu buga. Amma kada ya zo mini da kor 14.

Allah ya ba matasanmu sana'a mai albarka, ya kuma kawo mana ranar da za mu daina lissafin wuta da jarka. A tura wa duk wanda aka san yana shirin shiga birni sayen kwamfuta.